Loka Ko LSD? Tambayoyi da Amsoshi Ga Masu A-Kori-Kurar da Ke Wuni Kan Kwalta

Waɗannan tambayoyi ne kan LSD da loka, wato nau'o'in dif da ke hana taya ɗaya juyawa a banza, da ke yawan fitowa daga bakin masu Hilux, Land Cruiser, L200 da Ranger, da kuma masu Tacoma, Tundra da Silverado da ake shigowa da su daga Amurka. Yawancinsu motarsu a kwalta take wuni, sai dai lokaci-lokaci a sauka burji, a shiga ƙauye da damina ko a bi hanyar gona, inda mota ke kafewa taya ɗaya na juyawa a banza. An sa wa tambayoyin lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Mene ne aikin dif a mota?

Dif shi ne ƙullutun ƙarfen da ke tsakiyar aksil na baya, inda farfela ke shiga. Yana karɓar juyin da ya taso daga giya ya karkata shi zuwa tayar dama da ta hagu, sannan ya ba kowace taya damar juyawa da gudun da ya dace da ita.

Duk lokacin da ka sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. Tsakanin tayoyin bayan Hilux akwai kimanin mita 1.5. Idan ka karya kwana daga titi zuwa layin da ya gitta shi, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 2.4, in kuwa shataletale ka zagaye gaba ɗaya, bambancin ya haura mita 9. Da sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa tayoyin, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa tana kuka, robarta na cinyewa, shaf na shan murɗa. Ƙananan giyoyin da ke cikin dif su ke shanye wannan bambanci ba tare da direba ya ji komai ba. Irin wannan da ba ya tauye kowace taya shi ne buɗaɗɗen dif, kuma shi ne a ƙarƙashin mafi yawan motocin da ke kan titi.

2. To me ya sa idan na kafe taya ɗaya ce ke ta juyawa, ɗayar na tsaye cak?

Buɗaɗɗen dif yana raba ƙarfin juyi daidai wa daida tsakanin tayoyin biyu, a kowane hali. Ga inda gizo ke saƙa: ƙarfin da zai iya turawa bai wuce abin da tayar da ta fi rashin riƙo za ta ɗauka ba. Idan tayar hagu na cikin taɓo mai santsi, ƙarfi kaɗan ya ishe ta ta fara sulɓi, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne ke isa ga tayar dama da ke kan busasshiyar ƙasa. Ka ƙara taka totur, gudun tayar da ke cikin taɓon ne kawai zai ƙaru, tana watsa laka tana tona wa kanta rami.

Mota mai fowil ma ba ta tsira ba. In dif ɗinta na gaba da na baya duka buɗaɗɗu ne, ta shiga kwari a karkace har nauyi ya bar tayar gaba ta dama da tayar baya ta hagu, waɗannan biyun za su yi ta juyawa motar na nan inda take. Shi ya sa za ka ga Hilux da giyar fowil a ciki, amma samarin gari na tura ta a bakin fadama.

3. Mene ne bambancin LSD da loka?

LSD dif ne mai taƙaita sulɓi. Yana barin tayoyi su bambanta gudu a kwana, amma da zarar ɗaya ta nemi juyawa a banza sai ya tauye ta, ya tura ƙarin ƙarfi ga wadda ke riƙe da ƙasa. Taimako yake yi, ba ya ɗaure tayoyin tamau. Loka kuwa in ta kama, tayoyin biyu sun zama abu ɗaya: ko ɗaya na lilo a iska, ɗayar za ta juya da gudu iri ɗaya ta fitar da motar. Don haka loka ta fi ƙarfi a wuri mafi muni, LSD kuma ya fi daɗin zama a titi. Kowannensu iri-iri ne, kuma zaɓen irin ya fi zaɓen sunan muhimmanci; duba tambaya ta 4 da ta 5.

4. LSD iri nawa ne, kuma wanne ya fi ƙarko?

Wanda aka fi sani shi ne mai fayafayan kuloci. A bayan giyar kowane gefe akwai jerin siraran fayafayai, wasu haɗe da shaf wasu haɗe da kwanson dif, ana matse su wuri ɗaya. Idan taya ɗaya ta nemi wuce 'yar'uwarta, sai fayafayan su yi gogayya su riƙe ta. Shi ne Positraction da Chevrolet ta fito da shi a 1957, shi ne Traction-Lok na Ford, kuma irinsa Toyota ta sa a Hilux da Land Cruiser masu yawa. Yana da sauƙin kuɗi, ana iya sake masa fayafayai, kuma yana ba da ɗan taimako ko da taya ɗaya ba ta da riƙo sam. Aibinsa cinyewa. Kowace kwana ka sha fayafayan na gugar juna, bayan wasu shekaru sai ya koma buɗaɗɗen dif mai motar bai sani ba.

Na biyu mai giya ne zalla, babu faifai ko ɗaya. Asalinsa Torsen, wanda wani Ba'amurke Vernon Gleasman ya yi wa rajista a 1958. A kasuwa yau akwai Detroit Truetrac na kamfanin Eaton da Quaife na Ingila. A cikinsa akwai giyoyi masu murɗaɗɗun haƙora kwance a cikin aljihunan kwanso. Idan ƙarfin inji ya hau su, sai su turu su matse bangon aljihun, wannan matsin ke hana taya ɗaya kwace juyi. Aikinsa ninkawa ne: irin su Truetrac kan ba tayar da ke da riƙo kusan ninki uku na abin da mai sulɓin ke ɗauka. Ba ya ƙara, ba ya fizga, ba ya neman mai na musamman, kuma yakan rayu tsawon ran aksil ɗin. Rauninsa ɗaya ne, kuma ya kamata kowa ya san shi kafin ya saya: in taya ta bar ƙasa gaba ɗaya, sifili ko an ninka shi sau uku sifili ne. Maganinsa ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, ko ka ja birkin hannu kaɗan, kana taka totur a hankali. Birkin ya ba tayar da ke sama abin turawa, dif ya ninka shi ya kai ɗaya gefen. Wannan dabara ce da ake koya wa sojojin Amurka masu tuƙa Humvee, domin Torsen ke ƙarƙashinta.

Akwai na uku mai ruwan silikon a rufaffen gwangwani. An fi samunsa a ƙananan motoci, yana jinkirin kamawa, in ya mutu kuma sai dai a sake shi. Mai a-kori-kura ba shi da buƙatarsa.

5. Loka fa?

Akwai wadda direba ke kunnawa da kansa. ARB Air Locker ta Ostireliya, wadda ke kasuwa tun 1987, da iska take aiki, don haka sai an ɗaura kwampreso da siririn bututu zuwa aksil. Eaton ELocker da lantarki take kamawa, OX kuma da wayar ja. Toyota na da tata ta kamfani mai ɗan injin lantarki a jikin dif, a wasu Land Cruiser 70 da 80, da Tacoma TRD Off-Road, da wasu Hilux na 2015 zuwa sama. Dukkansu idan a kashe suke buɗaɗɗen dif ne sak, motar ba ta san da su ba a kwalta.

Akwai kuma mai kama kanta. Babbarsu Detroit Locker, da ƙananan da ake cusawa a cikin tsohon kwanso a madadin ƙananan giyoyi, irin su Lock-Right, Aussie Locker da Spartan. Waɗannan a kulle suke kullum, sai a kwana su saki tayar waje ta yi gaba. Yadda suke a titi yana tambaya ta 7.

Masu Silverado, Sierra, Tahoe da Suburban su duba takardar lambobin motarsu, wadda a yawancin tsofaffin ke manne cikin akwatin ajiya na gaban fasinja. In akwai G80, to akwai loka ta Eaton a baya. Buɗaɗɗiya ce a tafiyar yau da kullum, sai taya ɗaya ta wuce ɗayar da juyi sama da 100 a minti sannan ta kama, kuma ba ta kamawa in gudu ya haura kimanin kilomita 30 a awa. Ga motar titi wannan tsari ne mai kyau, a bar ta yadda take. Abin da ke fasa ta shi ne manyan tayoyi da taka totur har ƙasa, domin tana kamawa ne farat ɗaya da duka.

6. Motata kusan kullum a kwalta take. Wanne zan saya?

Ra'ayina a fili yake: LSD mai giya, wato irin Truetrac ko Torsen, a aksil na baya. Matsalar mai motar titi ba hawan duwatsu ba ce. Matsalarsa layin unguwa ne da ruwa ya mayar taɓo, da gefen titi mai yashi inda taya biyu suka sauka, da gangaren shiga gona, da tashi daga mahaɗa bayan ruwan sama bayan motar babu kaya. A duk waɗannan wuraren tayoyin biyu suna ƙasa, ɗaya ce kawai ta fi ɗayar riƙo, kuma nan ne dif mai giya ya fi kowa aiki. Ba maɓallin da za a manta, ba bututun da zai tsage, ba faifan da zai ƙare.

In kuwa aikinka na kai ka wuraren da mota ke ɗaga ƙafa da gaske, kamar hanyoyin tsaunin Mambila da damina, ko kwazazzaban da zaizaya ta ci, ko kana jigilar taki da amfanin gona a fadama, to ɗauki lokar da ake kunnawa. Ita ce mafi tsada, musamman ARB in an haɗa da kwampreso da kuɗin ɗauri, amma ita ce kaɗai ke ba ka cikakken kulle ba tare da ta taɓa halin motar a titi ba. Ka sani dai, a ranar ruwa kan kwalta ba ta taimaka maka da komai, tunda a kashe take.

Akwai tambayar da mutane ba sa yi wa kansu: wa ke tuƙa motar? In direba ne, ko ƙanenka, ko uwargida ke kai yara makaranta da ita, to duk abin da ke buƙatar sabon hali a tuƙi ka guje shi. Wannan ya cire loka mai kama kanta daga lissafi, kuma ya ƙara wa dif mai giya daraja.

7. Ana ta yabon Detroit Locker, kuma ƙananan lokokin ba su da tsada. Me zai hana in sa?

Detroit Locker ƙarfe ce ta gaske, ba ta saurin lalacewa, kuma a daji ba ta da na biyu. Amma ka dubi yadda take a gari. A kwana, tayar waje ta saki tana tafiya da kanta, ƙarfin inji duka ya koma tayar ciki, wadda ita ce nauyi ya bari. Ka taka totur tsakiyar kwanar, tayar cikin ta yi sulɓi har ta cim ma ta waje, lokar ta sake kamawa, motar ta nemi miƙewa. Ka ɗaga ƙafa, ta saki, motar ta faɗa cikin kwanar. Za ka riƙa jin ƙas-ƙas-ƙas idan kana fakin, wani lokaci kuma wata ƙara gau kamar shaf ya karye, alhali lafiyarta ƙalau. Akwai kuma ɗan sako-sako tsakanin taka totur da ɗagawa, wanda ya fi fitowa a mota mai giyar hannu.

Doguwar mota mai nauyi, mai giyar otomatik, tana ɓoye yawancin wannan. Gajeriyar a-kori-kura mara kaya ba ta ɓoyewa. Wanda ya saba zai iya zama da ita, amma sabon ya ƙunshi shiga kwana a hankali da rashin canza totur har a fito, kullum, ko da babur ya faɗo maka. Ƙananan da ake cusawa a tsohon kwanso halinsu ɗaya ne, ƙarfinsu kuma bai wuce na kwanson da fil ɗin da aka bar musu ba. Ga motar gona da ba ta cika hawa kwalta ba, sun dace. Ga motar da ke bin cunkoson Kano ko Abuja safe da yamma, ban ba da shawara ba.

8. Gaskiya ne LSD da loka na iya juyar da mota a ruwan sama?

Gaskiya ne, kuma wajibi a fahimci dalili. Da buɗaɗɗen dif, in ka cika totur a kan santsi taya ɗaya ce ke sulɓi, ɗayar tana nan riƙe da titi tana hana bayan motar zamewa gefe. Da LSD ko loka, tayoyin biyu na iya sulɓi tare, babu mai riƙe baya. A-kori-kura kuma bayanta ba nauyi in babu kaya. Lokaci mafi haɗari shi ne ruwan farkon damina, sa'ad da ƙura da man da suka taru kan kwalta duk rani suka jiƙa. Dif mai giya ya fi sauƙi a nan domin a hankali yake kamawa, mai kuloci sabo yana bi masa, loka mai kama kanta ita ce mafi tsanani. Ko wanne ka sa, kada ka taka totur da ƙarfi sai sitiyari ya miƙe, kuma buhun yashi biyu ko uku a kan aksil na baya yana gyara zaman motar sosai.

9. Bakanikena ya ce zai yi wa ƙananan giyoyin walda, kuɗi kaɗan. In yarda?

A'a. Dif ɗin da aka yi wa walda ba ya saki har abada. Mita 2.4 ɗin nan na tambaya ta 1, tayoyinka da shaf ɗinka ne za su biya su a kowace kwana, kuma in da kaya a baya shaf ne ke fara karyewa, domin taya mai nauyi a kanta ba ta yarda ta ja ƙasa. Ga zafin walda da ke rage ƙarfin giyoyin, in wani gutsure ya ɓalle ya shiga tsakanin babbar giya da finiyon, wato ƙaramar giyar da farfela ke juyawa, tayoyin baya na iya tsayawa cak kana cikin gudu. Mota mai ɗaukar mutane a titi ba wurin wannan aiki ba ne.

10. Ta yaya zan gane abin da ke cikin motata yanzu?

Sa duwatsu ko katako gaba da bayan tayoyin gaba, ɗaga aksil na baya har tayoyin biyu su bar ƙasa, ka tokare shi da abin tokara ba jak kaɗai ba. Sa giya a firi, saki birkin hannu, ka juya taya ɗaya da hannu wani na kallon ɗayar. In ta bi ta gefe ɗaya, akwai LSD mai kuloci da ke da sauran rai, ko loka mai kama kanta. In ta juya baya, ko dai buɗaɗɗe ne, ko mai giya ne, ko loka ce da ba ta kama ba, ko mai kuloci ne da ya ƙare. Don ƙarin tabbaci ka sauke taya ɗaya ƙasa ka gwada juya wadda ke sama: mai kuloci mai lafiya zai yi maka taurin kai sosai.

Toyota kan manna 'yar takarda a jikin dif, kusa da notin zuba mai, mai ɗauke da haruffan LSD. Akwai kuma lambar aksil a farantin motar, wadda mai sayar da kayan Toyota zai iya fassara maka tare da lambar shasi.

11. Motata na da maɓallin kulle dif. Ba shi ke nan ba?

Ka duba hoton da ke kan maɓallin. In alamar X tana tsakiyar motar, kan farfela, to dif na tsakiya ne. Yawancin Land Cruiser 80, 100 da 200 da Prado suna tafiya da ƙafa huɗu kullum, don haka suna da dif na uku tsakanin gaba da baya. Kulle shi yana haɗa aksil biyu ne kawai, bai hana abin da aka bayyana a tambaya ta 2 ba. In X ɗin yana tsakanin tayoyin baya, wannan ita ce lokar gaske.

Lokar baya ta Toyota tana da ƙa'ida. A yawancin Hilux masu fowil sai a giyar L4 take shiga. Tsaya, ko ka bari tayoyi su daina sulɓi, sannan ka danna. Fitila za ta yi ta ƙiftawa har haƙoran su haɗu, in ta ƙi ka ɗan matsa gaba kana murza sitiyari kaɗan. Littafin motar ya ce kada a wuce kilomita 8 a awa tana kulle. Fitilar ABS kan kunna a lokacin, ba lalacewa ba ce, na'urar ce ke janyewa. Da ka fita daga wurin ka kashe. Kuma ka riƙa kunna ta lokaci-lokaci a kan ƙasa ko da babu buƙata, domin injinta kan maƙale in ya shekara ba a motsa shi ba.

12. Sababbin motoci na da Auto LSD da A-TRAC. Shin sun wadatar?

Waɗannan ba ƙarfe ba ne a cikin dif. Kwamfutar motar ce ke lura da tayar da ke sulɓi ta matse mata birki, buɗaɗɗen dif ya tura ƙarfi ɗaya gefen. Ga mutum da yawa sun wadatar, musamman a Hilux da Prado na shekarun baya-bayan nan. Sai dai sai taya ta fara sulɓi suke farkawa, suna cin gudun da kake buƙata a yashi, kuma in aka daɗe ana fama birki kan yi zafi na'urar ta dakata. Abin sha'awa, suna jituwa ƙwarai da dif mai giya, domin birkin da kwamfuta ke matsewa shi ne daidai abin da tambaya ta 4 ta ce a yi da ƙafa. Gwada abin da motarka ta zo da shi damina guda kafin ka kashe kuɗi.

13. Gaba zan fara ko baya?

Baya. Nan nauyi ke komawa a hawa, nan kaya ke zama, kuma aksil na baya ya fi ƙarfi. Hilux na zamani shaf ɗin gabanta masu gaɓa ne, loka a gaba tana iya karya su in sitiyari na murɗe kana taka totur, kuma tana kulle motar ba ta son juyawa. In dole sai an sa a gaba, a sa wadda ake kunnawa. Loka mai kama kanta a gaban motar da ke tafiya da ƙafa huɗu kullum, irin Prado, haɗari ne tsantsa.

14. Wane mai zan zuba?

Man dif mai lambar GL-5, da kaurin da littafin motarka ya faɗa. LSD mai kuloci yana buƙatar wanda aka rubuta LS ko LSD a jikin robarsa, domin akwai sinadarin da ke sa fayafayan su zame a hankali. In aka zuba masa man giya na gama-gari, za ka ji baya na kakkarwa yana gurnani a matsattsiyar kwana. Mutane da yawa sun sayi sabon aksil saboda wannan ƙara, alhali canjin mai ne maganinta. Bayan an zuba, a je fili a yi ta zagaye dama da hagu a hankali domin man ya ratsa fayafayan. Truetrac akasin haka ne, Eaton ta ce a ba shi GL-5 ba tare da wannan sinadari ba. Lokar ARB da ta lantarki ba su da zaɓe.

Duk ranar da ka ratsa ruwa ya rufe aksil, ka buɗe notin ka duba. Dif mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta 'yar hudar numfashinsa. In man ya koma fari-fari, a zubar da shi a ranar.

15. Na samu dif ɗan Beljiyam mai LSD. Me zan duba kafin in biya?

A Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas ana samun dif na Hilux cikakke, kuma hanya ce mai sauƙi domin na Toyota ta gaba ake zare shi ɗungurungum. Abu na farko, ƙirga haƙora. Ka ƙirga na babbar giya ka raba da na finiyon: 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 43 da 11 shi ne 3.91. In motarka mai fowil ce, dole lissafin baya ya yi daidai da na gaba. Gaba 4.30 baya 4.10 bambancin kusan kashi 5 cikin 100 ne, kuma ranar da ka sa fowil aksil biyu za su yi ta kokawa har wani abu ya ba da kai.

Na biyu, ƙirga tsagar bakin shaf. Na Hilux mai inci 8 yawanci 30 ne, amma ka ƙirga naka. Na uku, in mai kuloci ne ka ɗauka fayafayansa sun ci rabi, ka sa kuɗin sababbi a lissafi. In kuwa lokar lantarki ta Toyota ce, ba ta shiga kowane gidan aksil kai tsaye, sai an yi gyara a gidan an kuma ja mata waya.

16. Kowane bakanike zai iya ɗaurawa?

Nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Sa LSD ko loka yana nufin cire babbar giya daga tsohon kwanso a mayar da ita kan sabo, da sababbin boris, sannan a sake saita zamanta da finiyon. Ratar da ke tsakanin haƙoransu a dif na Toyota mai inci 8 tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18. Hannu ba ya auna wannan, sai agogon awo. Ka tambayi bakaniken ya nuna maka agogonsa, da sifanar awon ƙarfin ɗauri, da fentin da yake shafa wa haƙora ya ga inda suke haɗuwa. Nagari zai auna ratar tun kafin ya kwance, ya rubuta, ya mayar da ita yadda take, domin giyoyin da suka saba da juna ba sa son sabon zama. In aka kuskure, kukan dif zai fara a gudun babbar hanya, kuma ba ya warkewa.

Tunda na Hilux ana zare shi, za ka iya aika shi gari mai ƙwararre a dawo maka da shi a saite. Na motocin Amurka yawanci a jikin motar ake saita su ta murfin baya, don haka sai motar ta je. In ARB ce, a gwada ta da iska a kan tebur kafin a rufe, a tabbata ba ta yoyo, a kuma bi da bututun nesa da salansa.

17. A yashi da laka, wanne ya fi: dif ko taya?

Taya, da iskar da ke cikinta. Direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, da masu shiga tuddan rairayin Yusufari a Yobe, abin da suka fi dogara da shi rage iska ne. Taya mai iska 32 ko 35 in aka sauke ta zuwa 16 ko 18 tafinta na faɗaɗa ta hau kan yashi. Loka a yashi mai laushi, in aka cika totur, tayoyin biyu take binnewa a maimakon ɗaya. A laka mai danƙo irin firgin Borno wajen Dikwa da Marte, tayar titi na cikewa ta zama sumul, babu dif ɗin da zai ba ta riƙo, kuma in hanyar ta karkata kulle na iya zamar da bayan motar cikin rami. Fara da tayoyi masu kyau, ma'aunin iska, famfo, shebur da igiyar ja. Kafin ka koma kwalta ka mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska a gudu zafi take yi ta fashe.

18. Tayoyina na baya ba iri ɗaya ba ne. Akwai matsala?

Da buɗaɗɗen dif ba ka ji ba, da LSD za ka ji. Al'adar sayen taya ɗaya-ɗaya, wannan sabuwa waccan ta hannu, tana sa ɗaya ta fi ɗayar tsayi, sai dif ya ɗauka kullum a kwana kake ko da hanya a miƙe take. Mai kuloci zai yi zafi ya cinye fayafayansa a tafiya ɗaya mai nisa, loka mai kama kanta kuma za ta riƙa jan motar gefe tana saki tana kamawa. Tayoyin baya su zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, cinyewa ɗaya, iska ɗaya. In ka yi faci a baya kuma safayarka ta bambanta, sa safayar a gaba ka mayar da ta gaban baya, kada kuma ka sa fowil sai ka gyara.